Amurka: mace mai juna biyu da asirans ɗin wurin aikin mijinta

A ƙasar Amurka, in ma'aikaci ya ji daga bakin matarsa cewa ta samu ciki, bayan godiya ga Allah abin da yake fara dubawa shi ne ko sunanta yana cikin asirans ɗin lafiya na wurin aikinsa. Asirans, wanda maƙwabta na Najeriya suke ce ma inshora, shi ne zubin da ake yi kowane wata domin ranar da ciwo ya zo a samu mai biyan kuɗin likita. A can babu wata hukuma guda da ta ɗauki nauyin lafiyar dukan jama'a, kuma fiye da rabin mutanen ƙasar ta hanyar wurin aiki suke samun asirans, ko nasu ko na miji ko na mata ko na iyaye. Wannan zance ya shafi gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, domin tun shekarun 1990 ƴan Nijar masu yawa suka zauna a Niyok da kuma Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, wasunsu suna aikin albashi a masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya, sun yi aure, suna haihuwa.

Kafin a shiga dokoki ya kamata mai karatu ya san girman kuɗin da ake magana a kai. Dalar da za a ambata nan ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce mai tamma biyar, dalar Amurka ce, wadda a shekara ta 2024 take kusan sefa 600. Wani bincike da cibiyar KFF ta fitar tare da cibiyar Peterson a shekara ta 2022 ya nuna cewa, ga matan da ke cikin asirans ɗin manyan kamfanoni, ciki da haihuwa da kulawar bayan haihuwa suna cin dala 18.865 a matsakaicin lissafi, watau fiye da miliyan 11 na sefa. In an yi tiyata aka ciro jariri, kuɗin yakan kai dala 26.280. A cikin dala 18.865 ɗin nan, abin da ya fita daga aljihun mai gida a matsakaicin lissafi dala 2.854 ne, sauran asirans ne ya biya. Wanda matarsa ba ta cikin littafi kuwa, shi za a miƙa ma takardar kuɗin baki ɗaya.

Yadda lafiya ta rataya ga wurin aiki

Asalin abin ya faro daga malaman makaranta. A shekara ta 1929 gidan likitan jami'ar Baylor a birnin Dalas ya yi yarjejeniya da malaman garin: kowane malami ya riƙa zuba rabin dala a wata, in ya kwanta ciwo a jinyace shi har kwana 21 ba tare da ya biya kome ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni masu neman hannu suka koma jawo ma'aikata da alkawarin asirans, domin hukuma ba ta lissafa shi cikin albashi. A shekara ta 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a kan wannan kuɗi. Tun daga nan lafiyar iyali ta rataya ga aikin mai gida, har yau.

Zubin ba ƙarami ba ne. A shekara ta 2024, bisa lissafin KFF, asirans ɗin mutum ɗaya yana cin dala 8.951 a shekara, na iyali kuma dala 25.572. A cikin na iyalin, ma'aikaci yana biyan dala 6.296 da ake yanka a albashinsa, mai kamfani ya cika sauran. Wannan rata da ke tsakanin zubin mutum ɗaya da na iyali ita ce take sa sabon ango ya ce bari a ɗan dakata, amarya lafiyarta ƙalau, in an ga alamar ciki sai a rubuta ta. A nan ne da yawa suke faɗawa rami.

Shari'ar ma'aikatan jiragen ruwa

Da can kamfanonin asirans ba su ɗauki ciki a matsayin abin da ya wajaba su biya ba. Hujjarsu ita ce ciki ba ciwo ba ne, mutum da kansa ya neme shi. A shekara ta 1976 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan kamfanin General Electric, ta ce cire ciki daga cikin abubuwan da ake biya ma ma'aikata in sun kasa aiki ba wariyar mata ba ne. Hukuncin ya tayar da ƙura, har majalisar dokoki ta yi sabuwar doka wadda shugaba Jimmy Carter ya sa ma hannu a watan Oktoba na 1978. Dokar ta ce duk wurin aikin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, dole ya ɗauki ciki da haihuwa daidai da kowace larurar lafiya.

Amma dokar ta bar wata tambaya, kuma ita ce ainihin zancen yau: mace ma'aikaciya ta samu haƙƙinta, to matar ma'aikaci fa, wadda take zaune a gida? Wani babban kamfanin ƙera jiragen ruwa a jihar Birjiniya, Newport News Shipbuilding, ya gyara tsarinsa a shekara ta 1979 domin ya bi doka. Ya ba ma'aikatansa mata cikakken biya in sun haihu, amma matan ma'aikata maza ya ƙayyade musu dala 500 kacal na kuɗin kwanciya a likita. Ke nan in mijin ma'aikaciya ya karye a ƙafa za a biya masa kusan duka, in matar ma'aikaci ta haihu sai a ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a watan Yuni na 1983 alƙalai bakwai cikin tara suka yanke cewa wannan wariya ce, kuma waɗanda aka ware su ne ma'aikata maza, tun da an ba iyalinsu kariya ƙasa da wadda aka ba iyalin abokan aikinsu mata. Abin lura ne cewa dokar da aka yi domin mata, maza ne suka ci moriyarta a wannan karo. Daga ranar, kamfanin da ya yarda ya rubuta matan ma'aikatansa cikin asirans ba ya da ikon cire haihuwa daga ciki.

Sauran gyara ya zo daga baya. Dokar HIPAA ta shekara ta 1996, zamanin shugaba Bill Clinton, ta hana asirans ɗin wurin aiki ya ce ba zai biya ba wai don mace ta shigo da cikinta. A wannan shekara kuma aka yi dokar da ta hana asirans ya tilasta a sallami mai jego kafin awa 48, ko awa 96 in tiyata aka yi. Sa'an nan dokar shugaba Barack Obama ta 2010, wadda jama'a suke kira Obamacare, ta hana tun daga 2014 a ƙi biya saboda kowane irin ciwo da mutum ya shigo da shi. Saboda haka macen da aka rubuta tana da cikin wata bakwai, haƙƙinta ɗaya da wadda aka rubuta tun tana amarya.

Ƙofa da lokutan buɗe ta

Matsalar tana wajen shiga. Littafin rajista ba a buɗe yake kullum ba. Sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, galibi cikin Oktoba ko Nuwamba, na ƴan makonni, kuma abin da ma'aikaci ya zaɓa yakan fara aiki ran 1 ga Janairu. Bayan an rufe ba a canzawa sai da dalili. Kamfanonin asirans suna tsoron kada mutane su ƙi zubi sai ranar da suka ga hadari ya haɗo, hukumar haraji kuma tana da nata sharuɗɗa tun da ana cire zubin kafin a lissafa haraji.

Dalilan da dokar tarayya ta tilasta a buɗe ƙofa saboda su a tsakiyar shekara ƙididdigaggu ne: aure, haihuwa, ɗaukar riƙon yaro ta hanyar shari'a, da rasa wani asirans da mutum yake da shi. Samun ciki ba ya cikinsu. Wannan shi ne abin da yake ba baƙo mamaki, har ma da ƴan ƙasa. Ma'aikaci ya je biron kula da ma'aikata cikin watan Maris da takardar lokotoro a hannu, a yi masa barka, sa'an nan a ce masa ya dawo Nuwamba ko ranar da aka haihu. In cikin na wata biyu ne a lokacin, haihuwa za ta zo cikin Oktoba, ke nan dukan awon ciki da hoton ciki da gwajin jini daga aljihunsa za su fito. Wanda aka yi ma cikin a Agusta ya yi sa'a, domin zai rubuta matarsa a Nuwamba, Janairu ta same ta cikin littafi, haihuwa ta zo a Mayu. Bambancin da ke tsakanin waɗannan mutane biyu kalanda ce kawai, kuma da wuya a samu mai hankalin da zai ce wannan adalci ne.

Ga wanda ya saba da tsarin Nijar abin a juye yake. A Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, watau CNSS, wanda aka kafa a shekara ta 1965, sanar da cikin shi ne yake buɗe haƙƙi: matar ma'aikaci takan kai shaidar ciki cikin watanni uku na farko, ta yi awon da aka ƙayyade, a biya ta kuɗin tallafin goyon ciki. Wannan tallafi ne na iyali, ba biyan kuɗin likita ba ne, amma mutumin da ya tashi da sanin cewa takardar ungozoma tana da ƙarfi a gaban hukuma zai iya zaton haka take a ko'ina. Haka kuma gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a shekara ta 2005, awon ciki a 2006, sa'an nan haihuwa a gidajen likita na gwamnati daga watan Satumba na 2024. Iyaye da ke gida in suka ji ɗansu yana kukan kuɗin haihuwa a ƙasar da ta fi kowace dukiya, sukan ɗauka rowa ce.

Wa'adin da doka ta bayar kwana 30 ne. Wanda ya ɗaura aure yana da kwana 30 daga ranar auren ya rubuta matarsa, ko tana da ciki ko ba ta da shi, kuma asirans ɗin zai fara aiki bai wuce ranar farko ta watan da ke bin wanda ya miƙa takardu ba. In shi kansa bai shiga ba a da, yana iya shiga tare da ita. Auren da ake nufi shi ne wanda hukuma ta sani. Fatihar da aka shafa a masallaci, aka raba goro da dabino, ba ta wadatar ba in babu takardar hukuma, domin biro zai nemi ganin takardar aure, kuma wadda aka yi a Nijar da Faransanci sai an fassara ta zuwa Ingilishi. Dokar Amurka mace ɗaya ta sani, saboda haka mai mata biyu ɗaya kawai zai iya rubutawa.

Ƙofa ta biyu ita ce rasa asirans. Macen da take da nata a wurin aikinta, laulayi ya sa ta ajiye aiki, ko aka rage mata awoyi har ta fita daga cikin masu haƙƙi, tana da kwana 30 ta koma cikin na mijinta. Haka wadda take cikin asirans ɗin iyayenta ta cika shekara 26, wa'adin da doka ta yanke ma ƴaƴa. Wadda ta rasa Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati, an ba ta kwana 60 bisa wata doka ta 2009. Amma fa wadda ta daina biyan zubinta da gangan domin a ce ta rasa, wannan dabara ba ta ci, doka ba ta lissafa ta. Akwai kuma kamfanonin da suke neman ma'aikaci ya rubuta tun ranar da ya ƙi sa matarsa cewa dalilinsa shi ne tana da wani asirans. In bai rubuta ba, suna iya hana shi daga baya.

Sabon aiki ma ƙofa ne, tun da kowane sabon ma'aikaci ana ba shi damar rubuta iyalinsa. Sai dai kamfani yana da ikon sa shi jira, muddin jiran bai wuce kwana 90 ba, kuma wata uku ba wasa ba ne ga mai ciki.

Ba kowane kamfani yake karɓar mata ba

Dokar 2010 ta wajabta ma kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su ba ma'aikaci da ƴaƴansa damar shiga asirans, amma ba ta ambaci mata ko miji ba. Yawancin kamfanoni suna karɓa, wasu kuma sukan ɗora ƙarin kuɗi kowane wata in matar tana iya samun asirans a nata wurin aiki, wasu su ƙi ta sam. A shekara ta 2013 kamfanin UPS mai jigilar saƙonni ya ba da sanarwar cire kusan mutum 15.000 daga cikin matan da mazan ma'aikatansa, waɗanda suke da damar samu a wurin aikinsu. Hukuncin 1983 ya ce in an karɓa a biya daidai, bai ce dole a karɓa ba.

Wanda ya samu shiga kuma, da sauran lissafi a gabansa. A yawancin tsare-tsare akwai wani kaso na farko da mutum yake biya da kansa kowace shekara kafin asirans ya sa hannu. A 2024 matsakaicinsa ga mutum ɗaya dala 1.787 ne. Wannan lissafi yana komawa sifiri in sabuwar shekarar asirans ta kama, saboda haka cikin da ya ratsa shekaru biyu yana iya sa a biya kason sau biyu. Doka ta ce a yi wasu gwaje-gwajen awon ciki ba tare da mai ciki ta biya ba, amma kwanciyar haihuwa tana cikin lissafi. Ban da haka kowane asirans yana da jerin lokotoro da gidajen likita da ya yi yarjejeniya da su. Macen da ta fara awo wajen lokotoron da ta saba da shi, in ta koma asirans ɗin miji tana iya tarar da sunansa ba ya cikin jerin, sai ta zaɓa tsakanin canza hannu a tsakiyar ciki ko biyan kuɗi mai yawa.

In duk ƙofofin nan a rufe suke, akwai Medicaid, wanda aka kafa a shekara ta 1965, kuma shi ne yake biyan kusan haihuwa huɗu cikin kowace goma a Amurka. Ana neman sa kowace rana ta shekara, kuma iyakar abin da iyali za su samu kafin a hana su ta fi sassauci ga mai ciki. Baƙi suna da nasu shinge: dokar 1996 ta sa wa sababbin masu takardar zama jiran shekara biyar, ko da yake tun 2009 an ba jihohi izinin ɗage shi ga mata masu ciki da yara, kuma jihohi da dama sun ɗage. Jihar Niyok ce ta fara, daga 2016, karɓar ciki a matsayin dalilin shiga asirans ɗin da mutum yake saya da kansa a kasuwar jiha, wasu jihohi suka bi sahunta, amma wannan bai taɓa manyan kamfanoni da suke ƙarƙashin dokar tarayya ba. A ƙarshen ƙarshe, wata doka ta 1986 ta hana gidan likita ya kori mace mai naƙuda saboda ba ta da kuɗi. Za a karɓi haihuwar, takardar kuɗi ta biyo ta gida.

Ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Macen da take jiran Janairu ko ranar haihuwa kafin ta shiga littafi takan rage zuwa awo, alhali a wajen awo ne ake gano hawan jini da ciwon sukari na masu ciki tun ba su yi ƙarfi ba. Alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka na shekara ta 2023 sun nuna mata 18,6 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100.000, amma a tsakanin baƙar fata adadin ya kai 50,3, fiye da ninki uku na fararen fata.

Ranar haihuwa da kwana talatin ɗin bayanta

Haihuwa ita ce ƙofar da ba mai iya rufe ta. Da zarar jariri ya faɗo, ma'aikaci yana da kwana 30 ya rubuta shi, kuma a wannan karo doka ta ba shi damar rubuta uwar tare, ko da a baya ba ta ciki. Asirans ɗin yana komawa baya ya fara daga ranar haihuwa, ba daga ranar da aka miƙa takarda ba. Wannan yana ɗauke mafi nauyin kaya, watau kuɗin ɗakin haihuwa da tiyata da kwanciyar jariri in ya zo bakwaini. Amma iyakarsa ranar: awon watannin baya ba ya ciki, kuma macen da aka kwantar ran Litinin ta haihu ran Laraba, kwana biyun farko suna iya zama a wuyan mai gida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa tun da uwa tana cikin littafi, ɗa ma ya shiga. Gidan likita ba ya sanar da wurin aiki, uba ne zai je biro ko ya cika takarda ta intanet. Kwanakin kuwa su ne mafi cunkoso a gidan Bahaushe, ko a Maraɗi yake ko a Girinsboro: ƴan barka suna shiga suna fita, ana neman ragon suna, ran bakwai a raɗa suna, waya ba ta hutawa daga gida, mai gida yana aikin dare yana komawa wajen mai jego da rana. Mutane sun saba lissafin jego da kwana arba'in, sai bayan an yi arba'in ake komawa ga sauran hidimomi, alhali wa'adin asirans ya cika kwana goma kafin nan. Wanda ya je ran 31 kamfani yana da ikon ce masa ya jira buɗe littafi na gaba, kuma kuɗin likitar duk wanda ba a rubuta ba, jariri ko uwa, ya dawo kansa.

Wasu sukan tsaya jiran takardar haihuwa ta hukuma da lambar jariri ta Asusun ma'aikata na Amurka, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin su iso. Ba dole ba ne a jira su. Yawancin wuraren aiki suna karɓar sanarwa da shaidar da gidan likita ya bayar ranar sallama, a kawo sauran takardu daga baya, kuma zubin iyali za a lissafa shi tun daga lokacin haihuwa a yanka a albashin da ke tafe.